Wata shida ina zuwa jim ɗin unguwarmu: kayan aiki sun yi, amma ajin dare ya so ya cinye min barci

Tun kwanaki abokai ke tambayata wai ya jim ɗin nan, wato wajen motsa jikin da nake zuwa, yake, kuɗinsa ya dace da abin da ake samu, kuma wane lokaci ya fi a je. Na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don na gaji da maimaita magana ɗaya a majalisa. Ba zan kama sunan wajen ba, saboda akwai inda zan yaba akwai inda zan ɗan taɓa su, kuma mutanen kirki ne ba na so a ce na zo ɓata musu kasuwa. Abin da zan iya cewa shi ne yana ɓangaren Zoo Road a nan Kano, a saman bene, ƙasan kuma shaguna ne.

Ni dai ɗan Kantin Kwari ne, atamfa da leshi muke sayarwa ni da ƙanena, kuma duk wanda ya san zaman shago ya san abin da yake yi wa jiki. Daga safe zuwa yamma kana kan benci, a kawo shinkafa da wake ka ci a zaune, a kawo fura ka sha a zaune, motsin da za ka yi bai wuce ka miƙe ka sauko da turmi biyu uku ba, shi ma yawanci yaran shago ne ke yi. A haka tumbi ya fito. Da na je asibiti watannin baya aka auna ni likita ya ce jinina ya fara hawa, bai kai a ɗora ni kan magani ba tukuna amma in rage gishiri da magi in kuma nemi motsa jiki, ya ce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi minti 150 zuwa 300 ne a sati na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Na lissafa nawa na ga ko minti 20 ban cikawa in ka cire tafiya masallaci. Wannan ya sa na yi rajista a watan Nuwamba, daidai shigowar sanyi.

Bari in fara da abin da ya burge ni. Wajen yana da tsafta, wannan kam ba a magana. Akwai yaron da aikinsa kawai goge injina da share ƙasa, kuma bayin nasu ba irin wanda za ka shiga ka fito kana istigfari ba ne, akwai ruwa a famfo kusan kullum, akwai buta, akwai shawa guda biyu. Injin gudu huɗu ne, keke uku, sai ɓangaren ƙarfe da yake da faɗi sosai, dambel tun daga ƙanana na kilo 2 har waɗanda ni kallonsu kawai nake yi in wuce. Sun ware wani lungu sun shimfiɗa darduma, in an kira salla ana kashe kiɗa a yi jam'i a nan, ko wanda yake so ya sauka masallacin da ke ƙasa. Mata suna da nasu lokacin da hantsi kuma mace ce ke koya musu, ana rufe ƙofa ba namijin da ke hawa, uwargida ta je sau uku ta ce ba laifi, sai dai ta ce lokacin ya ci karo da girkin rana shi ya sa ta bari.

Kuɗin wata naira 20,000 nake biya. Wasu za su ce da tsada, to a wannan zamanin da man janareta kaɗai ya isa ya rufe kasuwanci ni ban ga tsadarsa ba, tunda in an ɗauke wuta ba a minti biyu sun tayar da inji. Sai dai in a kan janareta ake ba sa kunna esi, fanka ce kawai, kuma wannan maganar za ta dawo a gaba don tana da alaƙa da abin da ya same ni.

Kocin maza saurayi ne, ba zai wuce 30 ba, yana da haƙuri da mu masu tumbi. Ranar farko da ya ga ina haki a kan injin gudu bayan minti huɗu bai yi dariya ba, cewa ya yi “Alhaji a hankali, ba tsere muke ba, rage gudun ka kama tafiya kawai.” Na ji daɗin wannan. Ya san yadda ake ɗaga ƙarfe ba tare da mutum ya ji wa bayansa ciwo ba, yana tsayawa a kanka ya gyara maka tsayuwa. Inda na same shi da rauni shi ne maganar lokaci da barci, a nan kam abin da ya sani bai wuce “jiki in ya gaji dole ya yi barci” ba, kuma nima da haka na yarda kafin in gani a jikina.

To ga yadda abin ya faru. Kasuwa sai wajen 6 muke rufewa, kafin ka fito daga cunkoson Kwari ka iso gida an yi magariba, ka ɗan zauna an kira isha'i. Saboda haka ajin da ya dace da ni shi ne na dare, wanda ake farawa 8:30 a tashi 10. Shi ne ma ajin da ya fi cika, ’yan kasuwa da ma'aikatan banki da samari duk a nan ake haɗuwa, kuma gaskiya akwai daɗi, sifika na tashi, koci na ihu, ana tsalle ana kwanciya ana tashi, minti 40 na farko ba hutu sai na daƙiƙa 30 tsakani, daga nan a koma ƙarfe. In ka fito rigarka kamar an tsoma ta a ruwa, kana jin kanka kamar ɗan shekara 20.

Sati na farko na ɗauka zan riƙa faɗuwa kan katifa kamar gawa. Ina! Sai in dawo gida 10:30, in watsa ruwa, in ci abin da aka ajiye min, in kwanta wajen 11:15, jiki ya gaji liƙis ƙafafu kamar ba nawa ba amma ido ƙyam, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne in na kwanta ta gefe, in juya dama in juya hagu, in ɗauki waya in duba sitatus ɗin mutane in ajiye, in sake ɗauka, har 12:30 wani lokacin 1 saura. Kuma ko barcin ya zo ba mai nauyi ba ne, motsi kaɗan na farka. Uwargida ce ta fara magana, ta ce “Baban yara, wai wannan motsa jikin lafiya ake nema da shi ko ciwo? Kullum sai na tashe ka asuba sau uku.” Na ce mata jiki ne bai saba ba, zai saba. Wata guda ya wuce bai saba ba.

A nan ne nake so mutanenmu su gane wani abu da masu ba da shawara a intanet ba sa lissafawa da shi. Bature in ya yi tirenin da dare ya kwanta 12, zai iya kaiwa 7 ko 7:30 yana barci, ya samu awa bakwai ɗinsa cif. Mu lokacin tashinmu a ɗaure yake, ladan zai kira asuba tsakanin 5 saura da wajen 5:30 gwargwadon lokacin shekara, ba ruwansa da ƙarfe nawa ka kwanta. Duk mintin da ka ƙara a farkon dare daga cikin barcinka aka yanke shi, ba inda za ka rama sai dai in kana da halin komawa bayan salla, ni kuma da kai yara makaranta da fita kasuwa wannan komawar ba ta wuce rabin awa. Likitocin barci sun ce baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. In za ka tashi 5, ke nan 10 ya kamata a ce ka yi barci, ni kuma 10 ɗin nan ina saman bene ina ɗaga ƙarfe. Awa huɗu da rabi nake samu, in an yi sa'a biyar. A shago sai in riƙa gyangyaɗi bayan azahar, har wata rana na ba wata Hajiya canji ya wuce, Allah ya sa mai amana ce ta dawo da shi.

Da abin ya ishe ni sai na shiga Farm Centre na sayi irin agogon hannun nan mai auna bugun zuciya da barci, ba mai tsada ba. Ban ɗauki lissafinsa kamar na asibiti ba, don wani lokacin ina kwance ido biyu ina tunanin bashi shi kuma yana rubuta wai ina barci. Amma abu ɗaya ya nuna min wanda ya yi ta maimaituwa: daren da na je ajin dare bugun zuciyata a cikin barci yana zama sama da na daren da ban je ba, kuma sai can tsakar dare yake sauka. Wato ni na kwanta amma injin bai mutu ba.

Sai na fara bincike, ɗan wana da ke karatun likita shi ya taimaka min da wasu bayanan. Abin da na fahimta shi ne jikin mutum kafin barci ya ɗauke shi sai zafin cikinsa ya fara sauka, haka Allah ya tsara shi, zafin jiki yana kaiwa ƙololuwa da yamma sannan ya riƙa raguwa yayin da dare ke yi, kuma wannan saukar tana cikin abin da ke jawo barci tare da sinadarin melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi. Motsa jiki mai tsanani kuma kishiyar haka yake yi, yana ɗaga zafin jiki, yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya na gudu, jijiyoyi a farke kamar wanda kare ya biyo. Duk waɗannan suna sauka amma suna buƙatar lokaci. Ka haɗa da fitilun jim masu hasken nan fari tas kamar rana, wanda shi ma yana jinkirta melatonin, ka ga ai ba abin mamaki ba ne.

Wani abin kuma, masanan kansu maganarsu ta ɗan sha bamban, kuma na ga kowa na ɗaukar ɓangaren da ya yi masa daɗi. A 2019 wasu masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan sun tattara bincike 23 suka duba, suka ce motsa jiki da yamma ko da dare ba ya ɓata barci ga mai lafiya, har ma yana ɗan ƙara barci mai nauyi, in ban da mai tsanani da aka gama ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya, shi kam yana iya sa barci ya yi wuyar zuwa. Wannan shi kocinmu zai so ji. Sai kuma a 2025 masu bincike na jami'ar Monash a Ostireliya suka fitar da nasu a mujallar Nature Communications, sun bi mutum sama da 14,000 masu ɗaura abin auna bugun zuciya a hannu har tsawon shekara, darare kusan miliyan 4, suka ga cewa in an yi motsi mai nauyi cikin awa huɗu kafin lokacin barci, mutum yana makara wajen yin barci, barcin yana gajarta, bugun zuciya da dare yana zama sama, kuma iya tsananin motsin da kusancinsa da lokacin kwanciya iya yawan illar. In an gama awa huɗu ko fiye kafin kwanciya kuma ba su ga wata matsala ba. Da na karanta wannan na ce to ai labarina ne aka rubuta. In ka haɗa biyun ba su ma yi faɗa sosai ba, dukkansu sun yarda abu biyu ne ke aiki, nauyin motsin da kuma tazarar da ka bari kafin ka kwanta. Tafiya a ƙafa bayan isha'i daban, tsalle-tsallen da ke sa ka ga taurari ƙarfe 9:45 daban.

Amma don Allah kar in ɗora wa motsin laifi duka, akwai abubuwan da ke rakiyar ajin dare waɗanda su ma ɓarayin barci ne, kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan wajen. A bakin ƙofa akwai firji cike da lemon ƙarin kuzari, sanyi ƙarara, kuma suna sayar da wani gari da ake kaɗawa a sha kafin a fara wai yana ba da ƙarfi. Duka biyun kafeyin ne a ciki, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro. Shi kuma kafeyin in ka sha, bayan awa biyar ko kusa da haka rabinsa na nan a jininka. Akwai binciken da aka yi a Amurka a 2013 da ya nuna wanda ya sha miligiram 400 awa shida kafin kwanciya ma barcinsa ya ragu da fiye da awa ɗaya. Awa shida fa! To ina ga wanda ya ɗaga gwangwani ƙarfe 8:20 na dare. Ni da kaina na sha yi a makonnin farko saboda ina zuwa a gajiye daga kasuwa, in sha in ji garau, ban san ina sayen rashin barci da kuɗina ba. Ba wanda ya taɓa ce min kar in sha, ai ciniki ne. Da za su ji shawarata da sun daina sayar da shi bayan la'asar, ko aƙalla su manna takarda a jikin firjin.

Sai talabijin. Daren Talata da Laraba in ana gasar zakarun Turai, a watannin sanyi 9 ake take wasa a agogonmu, sai ka ga an gama aji 10 amma ba mai tafiya, kowa ya zauna kan benci da tawul a wuya ana musu har kusan 11. Daga nan kuma samarin su sauka wajen mai shayi, indomi biyu da ƙwai uku da shayi mai kauri, wai ana mayar da abin da aka ƙona. Na bi su sau biyu, daren nan ƙwannafi ya hana ni sakat. Wannan ba laifin masu jim ba ne kai tsaye, amma duk wanda zai shiga ajin dare ya san da kayan rakiyarsa yake zuwa.

A Janairu na ce bari in juya abin, na koma na safe, 6 zuwa 7, daga masallaci in wuce kai tsaye. Ta fannin barci kam wannan ba abin da ya kai shi, kafin 10 na dare ido ya fara rufewa da kansa, uwargida har tsokanata take wai na zama kaza. Wajen kuma ba kowa, mu biyar ko shida, yawanci dattawa da wani likita, ba layi a kan inji ba kiɗa. Matsalarsa biyu. Na farko sanyin hunturu, jiki a sandare yake da asuba, sai ka yi minti 15 kana ɗumama shi kafin ka iya komai, kuma nauyin da nake ɗagawa da dare cikin sauƙi da safe sai na ji kamar an ƙara masa dutse, ashe haka abin yake ga kowa, ƙarfin tsoka ya fi kaiwa da yamma lokacin da jiki ya ɗau zafi. Na biyu, koci ba ya zuwa da wuri. Sau da yawa sai 6:40 zai shigo yana hamma, kuma ba na ganin laifinsa sosai tunda shi ne ya rufe wajen 11 na dare, shi ma abin da ya ci ni ne ke cinsa. Amma dai mai wajen ya kamata ya ɗauki mutum na biyu, mutum ɗaya ba zai riƙe asuba da dare ba. Ga kuma kai yara makaranta da ya sa kullum a guje nake fita. Na yi sati biyar a haka.

Da azumi ya zo sai komai ya rikice, suka mayar da ajin bayan tarawi, 9:30 har 11, ga sahur ƙarfe 4 da wani abu. Na je kwana uku na ce a'a wannan ba da ni ba. Abin da na koma yi shi ne tafiya a kan inji a hankali na minti 30 kafin shan ruwa, ba gudu ba ƙarfe mai nauyi, in sauko ana kiran magariba. Goman ƙarshe kuma ban leƙa ba sam, ga tahajjud ga kasuwar salla, wa ke da lokacin dambel. Na yi musu magana ko za a ɗaga min kwanakin da ban zo ba, suka ce tsarinsu wata wata ne ba a ɗagawa. Wannan bai min daɗi ba, a gari irin Kano ya kamata a ce akwai rangwamen azumi.

Bayan salla ne na samu abin da ya zauna min. Muka yi yarjejeniya da ƙanena, kwana uku a sati, Litinin da Laraba da Asabar, ina yin la'asar a kasuwa in bar masa shago, 4:30 ina jim, 5:45 na gama, in yi wanka a can in yi magariba a unguwa. Shi kuma ina sakinsa da wuri ran Talata da Alhamis ya je ƙwallonsa. Wallahi bambancin kamar dare da rana. Ƙarfi yana nan, na fi ɗaga nauyi a wannan lokacin fiye da kowane, abincin rana ya narke, kuma daga 5:45 zuwa 10 akwai awa huɗu da ’yan mintuna, daidai tazarar da masu binciken Monash suka ambata, ban ma shirya hakan ba lissafin ne ya faɗo a kai. In na ci tuwo bayan magariba na yi isha'i na ɗan yi hira da yara, 10 na yi barci ya zo da kansa ba sai na nemo shi ba, agogon ma ya nuna bugun zuciyar ya koma yadda yake a daren hutu. Asuba kuma kafin uwargida ta taɓa ni na tashi.

Sai dai fa wannan lokacin yana da nasa horon, zafi. Afrilu a Kano kowa ya sani, rana na kaiwa digiri 40, saman bene ne kuma rufin kwano da silin, in aka ɗauke wuta aka koma fanka iskar da take kaɗowa kamar daga bakin tanda. Dole ka zo da ruwa babbar gora, ka riƙa kurɓa, in ka ji jiri ka zauna kar ka yi jarumta. Na taɓa ganin wani saurayi ya sulale a kan keke, Allah ya taimaka koci na kusa. Kuma zafin nan shi ya ƙara tabbatar min ajin dare a bazara ya fi muni, don wani abokina da har yanzu yake zuwa na 8:30 ya ce in ya koma gida ba wuta, ɗaki ya ɗau zafin yini, jikinsa shi ma a tafashe, sai ya watsa ruwa sau biyu ya fito tsakar gida da tabarma kafin ya samu ya runtsa. Jikin da ke neman ya huce ka kai shi ɗakin da bango ke fitar da wuta, yaushe zai huce.

Na san akwai waɗanda za su ce su suna ajin dare kuma suna barci lafiya lau. Na yarda, akwai su, wani yaro a ajin ya ce min shi ko a kan babur ɗinsa zai iya barci in ya fito. Jiki ba ɗaya ba ne, shekaru ma ba ɗaya ba, ɗan 22 da ba shi da iyali ba shi da shagon buɗewa zai iya ramawa da hantsi. Akwai kuma wanda wallahi ba shi da wani lokaci sai daren, ma'aikacin da ba ya tashi sai 6, ba shi da ƙanen da zai bar wa aiki. Irin wannan ba zan ce ya zauna a gida ba, zaman ya fi rashin barcin awa ɗaya illa in aka daɗe ana yi. Abin da zan ce masa ya zo da an idar da isha'i kar ya jira 8:30, ya bar ajin tsallen nan, ya hau keke ko ya yi tafiya mai sauri wadda zai iya magana yana yi, ƙarfe kuma matsakaici, 9 ta yi masa a hanyar gida. Ya bar firjin nan ya sha ruwa. Abinci mai nauyi ya ci kafin ya zo ko ya rage shi, motsi masu tsananin kuma ya tara su ran Asabar da Lahadi da safe. Na gwada hakan a ranakun da kasuwa ta riƙe ni, barcin bai kai na ranar la'asar daɗi ba amma bai lalace ba.

Na kai wa mai wajen shawara su buɗe aji na musamman tsakanin la'asar da magariba da koci a tsaye, don yanzu a lokacin kowa kansa yake yi, koci yana zaune yana danna waya yana tara ƙarfin dare. Ya ce “Alhaji mutane ba sa zuwa a lokacin, kowa na wajen nema.” Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren, mu bakwai ne zuwa goma. Na ce to ko ajin daren a riƙa sa mai tsananin a farko, rabin awar ƙarshe a yi miƙe jiki a rage kiɗa a rage fitila, ya yi dariya ya ce samari za su gudu su ce an mayar da su ’yan yoga. Har yanzu dai ba a canza komai ba.

In maki zan ba su, tsafta da kayan aiki 8 cikin 10, koci 7, zafi da rashin esi a kan janareta 4, firjin bakin ƙofa kuma ba zan ba shi komai ba. Na sabunta rajistata ta wata na bakwai shekaranjiya. Tumbin bai tafi duka ba amma wandunan da na ajiye tun bikin ƙanwata sun fara shiga, awon jinin da na yi makon jiya ma likita ya ce in ci gaba da abin da nake yi. Wanda zai je ya same ni ran Litinin 4:30, ina kan injin gudu na kusa da taga, shi kaɗai ne iska ke ɗan shigowa ta wajensa, kuma don Allah kar a riga ni hawa.